Babur na farko: Abin da sabon mahayi zai auna kafin ya biya kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, harabar ma'aikatu da bakin kasuwanni suka sauya kama. Ma'aikacin da ya saba zuwa ofis a mota ya jingine ta a gida, sai ranar Juma'a ko ta biki. Ɗan kasuwar da ke kai-komo tsakanin shago da sito ya fara lissafin abin da Adaidaita Sahu ke ci masa a wata. Da yawa sun yanke shawarar sayen babur, kuma a cikinsu akwai magidanta da rabonsu da abin hawa mai ƙafa biyu tun keken yarinta.

Babban kuskuren irin wannan mai saye shi ne ya zaɓi babur don ya dace da matsayinsa, ba da ƙwarewarsa ba. Babur na farko na koyo ne, kuma wanda ya fi dacewa da koyo shi ne wanda zai yafe wa mahayi kurensa.

Lambar da ake gani a jikin babur, 100 ko 110 ko 125 ko 150, tana nuna girman cikin injin ne. Idan ta ƙaru, ƙarfi yakan ƙaru, nauyi da shan mai su ma su ƙaru. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, tsakanin 100 da 125 ya wadatar da shi. A kan ƙaramin inji, in hannu ya zarce wajen murɗa totur, babur zai ɗan zabura, mahayi ya gyara. A kan manyan baburan nan na tsere masu injin 600 zuwa sama, waɗanda nauyinsu kan kusanci kilo 200, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya haɗa mutum da bayan tirela. Komai arhar da dillali ya yi masa, sabon mahayi ya kau da kai.

Zaɓin gaskiya yana tsakanin iri biyu. Akwai roba-roba, wanda ba shi da kulochi a hannu: sai dai a sassauta totur a taka giya. Ba ya mutuwa a tsakiyar cunkoso don an saki kulochi da gaggawa, ba shi da nauyi, kuma da yake tsakiyarsa a buɗe take, mai doguwar riga zai hau ba tare da ya ɗaga ƙafa ta kan kujera ba. Rauninsa a bayyane yake: ba ya son kaya masu nauyi, ba ya jure ramuka, kuma robobin jikinsa sukan fashe a faɗuwar farko. Sai kuma masu kulochi, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng. Waɗannan sun fi ɗaukar wahala, shi ya sa 'yan acaɓa suka rungume su, amma suna buƙatar kwanaki kafin hannun hagu da ƙafar hagu su saba aiki tare. A ganina, ma'aikacin da hanyarsa kwalta ce daga gida zuwa ofis ba shi da dalilin ƙin roba-roba, in ban da gudun kada a ce ya hau babur ɗin mata, wanda kuwa ba dalili ba ne. Ɗan kasuwar da zai riƙa ɗora katan-katan, ko mazaunin sabuwar unguwa da damina ke cinye hanyarta, shi ne mai buƙatar mai kulochi.

Kowanne aka zaɓa, a hau shi a zauna tun a shago. Ƙafafu biyu su taɓa ƙasa sosai, ba da kan yatsu ba. A karkata shi kaɗan a ji ko za a iya tare nauyinsa, domin yawancin faɗuwar sabon mahayi a tsaye take faruwa ko a tafiyar hawainiya, wajen juyawa a lungu ko a kan yashin da ke taruwa a gefen titi.

Kafin a je kasuwa, a fara zuwa wurin bakaniken unguwa. A tambaye shi wane babur ya fi gyarawa, kuma kayan wanne ake samu ba tare da an aika Legas ko Nnewi ba. Babur mai kyau da ba a san shi ba a garinku zai kwana mako a garejin gyara saboda ƙaramin ƙarfe guda.

Shi wannan bakaniken ne kuma za a tafi da shi idan na hannu za a saya. Na hannu yana da fa'ida ga mai koyo, tun da ƙujewar farko ba za ta yi ciwo a zuciya ba, amma sai an yi hattara. A nemi a tayar da injin yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye laifinsa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta injin da ke ƙona baƙin mai. A duba sarƙa da haƙoran da take hawa, a tura babur ɗin a ga ko kansa yana ja gefe guda, abin da kan nuna ya taɓa yin karo. Wanda ya yi acaɓa kuwa, shekararsa ɗaya ta fi ta wani uku.

Batun takardu ya fi duk wannan haɗari. Satar babura ta yi yawa, kuma wanda aka kama da na sata shi zai fara kwana a hannun 'yan sanda kafin a nemo dillali. Lambar inji da ta gangar jiki su yi daidai da abin da ke kan rasit na asali, a rubuta yarjejeniya da shaidu, sannan a yi rajista a karɓi lamba da inshora. Lasisin tuƙin babur shi ne rukunin A, kuma na mota ba ya maye gurbinsa. A kuma binciki dokar gari: an hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, Kano ta hana goyo a babur a cikin birni a 2013, wasu jihohin kuma sukan taƙaita hawansa saboda tsaro. Wanda ya sayi babur don kai yara makaranta ya tabbatar an yarda da hakan a inda yake.

A cikin kuɗin da aka ware, a cire na hular kwano tun farko, mai rufe haɓa, mai maɗauri, ba irin ta masu aikin gini ba. Masu babbar riga da mata masu dogon hijabi su tattare su kafin a tashi, domin sarƙa da tayar baya ba sa sakin abin da suka kama.

Makonnin farko a yi su a fili ko a titin unguwa da sassafe, ba goyo, ba kaya. Abin da ya fi muhimmanci a koya shi ne birki. Da yawa sukan ji tsoron na gaba su dogara da na ƙafa kaɗai, alhali na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. A matsa shi a hankali tare da na baya, kada a fizge shi, musamman a kan kwana ko yashi. Idan sabo ne fil aka saya, a bi injin a sannu, a kuma juye baƙin mai na farko a daidai kilomitar da littafin kamfani ya ƙayyade.