Shirin Musamman: Makon da Sanyi Ya Durƙusar da Texas

Shirinmu na yau zai leƙa jihar Texas da ke kudancin ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da zafin rana da rijiyoyin mai, amma a Fabrairun 2021 muku-mukun sanyi ya kai ta ƙasa.

Daga ranar 13 zuwa 17 ga watan, iska mai daskarar da jini ta gangaro daga can ƙuryar arewacin duniya, tafe da dusar ƙanƙara. A yankin Dallas ma'auni ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifiri. Gidajen jihar kuwa don maganin zafi aka gina su. Kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki lokaci guda, alhali bututun iskar gas da injinan tashoshin wuta sun daskare. Ga shi yawancin Texas layin wutarta daban yake da na sauran ƙasar, babu halin aro mai yawa daga maƙwabta. Dole hukumar ERCOT mai kula da layin ta shiga yanke wuta da gangan, daga baya ta ce minti 4 da daƙiƙa 37 kacal suka rage komai ya ruguje. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4.5 suka shiga duhu, wasu kwana da kwanaki.

Hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Kusan kashi biyu cikin uku sanyin ne ya kashe su kai tsaye, akasarinsu tsofaffi. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, da makyarkyata ake farawa, sai magana ta riƙa sarƙewa, hankali ya rikice, barci mai nauyi ya biyo baya. Likitoci na cewa a cire wa irin wannan mutum jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya da bargo, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana iya haɗiya, a nemi asibiti.

Wasu kuma dabarar neman ɗumi ce ta yi ajalinsu. An shigar da murhun gasa nama cikin falo, an tayar da janareta a ɗaki, an kwana cikin mota injin na aiki a rufaffen gareji. Duk waɗannan suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Mutum sama da 1,400 aka garzaya da su asibiti a makon saboda ita. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga, wannan iskar yake fitarwa.

To yaya ake shiri? Hukumomin agajin gaggawa na Amurka na ba da shawarar a tanadi ruwan sha kimanin lita 4 ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana 3, da abincin da ba ya buƙatar girki, da magunguna, da tocila, da rediyo mai batir. A Texas bututun ruwa sun fashe, har aka umarci miliyoyin mutane su tafasa ruwa kafin sha, da yawa kuwa ba su da wutar tafasawa. Barin famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan na rage haɗarin fashewar.

Idan wuta ta ɗauke, iyali su taru a ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a sa riguna marasa nauyi bisa juna, da hula da safa. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Wanda ƙanƙara ta ritsa da shi a hanya ya zauna cikin motarsa, ya tayar da injin minti 10 a kowace awa, ya ɗan sauke gilashi, ya tabbatar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Sannan a riƙa leƙa maƙwabcin da ya tsufa ko yake zaune shi kaɗai.

A ɓangaren gwamnati kuwa, tun bayan wani sanyi makamancin wannan da aka yi a 2011 hukumomin tarayya suka gargaɗi Texas ta kare tashoshinta daga daskarewa, amma ba a tilasta wa kowa ba. Sai a Yunin 2021 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu kan dokar da ta wajabta hakan.