Kayan Kiɗan Kawuna Sun Kusa Hana Ni Aure

Wannan karon ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba irin na littattafaina, abin da ya faru da ni ne a gidanmu, wanda har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina ta kama ni.

Ni dai a Bilbis aka haife ni, cikin ƙasar Tsafe, kuma a hannun kawuna yayan Inna na tashi, don tun ina goye Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Kawu direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar hatsi da auduga daga Gusau da Tsafe zuwa Funtua da Kano, wani lokaci har Maraɗi. Ba ya shan taba, ba ya caca, ko goro bai dame shi ba. Abu ɗaya ke cin kuɗinsa: kayan kiɗa masu tsarkiya. Guda biyar ya tara, duk a rataye a bangon ɗakinsa: garaya, gurmi, kuntigi da jita biyu. Bai taɓa kiɗa a gidan biki ba, bai taɓa karɓar kwabon kowa ba. Tun ma da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 ya daina fitowa da su ko zaure.

Ina yarinya ban ɗauke su a bakin komai ba. Sai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin ƙauye. Ba waya, ba fita, da magariba kowa ya kulle ƙofa, ga tsoro. Wani dare ƙannena suna ta kuka, sai Kawu ya ce, "Ke ɗiyata, sauko mani da jitar nan." A waɗannan makonnin ne na san ashe kowane ɗaya da halinsa kamar mutum.

Bari in fara da jitocin, tun da su ne masu ɗaukar ido. Kowace tsarkiya shida gare ta, da rami a tsakiyar ciki inda sauti ke fita, da kunnuwa shida a can sama da ake murɗawa a ɗaure tsarkiya ko a sassauta ta. Amma kamannin ya tsaya nan. Ta farko Yamaha ce, a Sabon Garin Kano ya saye ta, tsarkiyoyinta na ƙarfe, jikinta sai sheƙi kamar madubi. Muryarta ƙara gare ta, in ya taɓa ta har maƙwabta suna ji. Ranar da na gwada danna ta, kafin minti goma yatsuna sun yi ja suna zogi. Ta biyun tsohuwa ce, duk ta koɗe, a Maraɗi ya same ta hannun wani Buzu. Wuyanta ya fi faɗi, tsarkiyoyinta na roba ne masu taushi, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin yaro. Ita ce irin ta asali da aka gyara wa siffa a ƙasar Sifen, mai ƙarfen kuwa a Amurka ta yi ƙarfi. Na ce, "Kawu, ni dai mai ƙyallin nan ta fi." Ya yi dariya ya ce, "Haka duk yaro ka cewa. Waccan ta baƙi ce, wagga ita ce ta zama."

Sai namu na gida. Garaya tsarkiya biyu ce, jikinta itace da aka fafe aka rufe da fata, kuma tun asali kiɗan maharba ce da 'yan bori. Muryarta kauri gare ta, tana shiga ƙirji. Gurmi kuwa da ƙwarya ake yinsa, ya fi ta sanyi, shi ne abin kiɗan marigayi Haruna Uji na Haɗeja, wanda iyayenmu suka yi zance da waƙoƙinsa na soyayya. Ƙaramin cikinsu kuntigi: gwangwanin kifi ne kawai da fatar akuya da tsarkiya ɗaya tal. In kin gan shi sai ki ce abin wasan yara ne. To da wannan ɗan gwangwanin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya ƙasashen duniya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa auren dole waƙa. Kawu da yake shi ma da yaron mota ya fara, kuntigin nan ya fi so, ko da yake shi ne mafi araha.

Har kulawarsu daban-daban ce. Da hunturu jita ke shan wahala, don bushewar iska na tsaga katako, sai ya sassauta tsarkiyoyin ya naɗe su da tsohon bargo. Da damina kuma masu fata ke laushi, murya ta dishe, sai an ɗan shanya su a rana. Ya kan ce mani a Nijar akwai Buzaye irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar da jita ta kai su Turai da Amurka, shi Mdou ɗin ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Daga baya rashin tsaro ya tashe mu daga Bilbis muka koma Gusau. Mun baro gado da tukwane, amma Kawu bai baro ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ba. A 2023 Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado babu wanda ya ce yana so, ni na kwashe su na rataye a ɗakinmu.

To nan ne fa magana take. Wanda zan aura ɗan Bunguɗu ne, mun daidaita, har an sa ranar kawo kuɗin gaisuwa. Sai gwaggonsa ta zo ganin gida. Ta zauna, an kawo mata ruwa da fura, ana ta hira, sai idonta ya kai bango. Wallahi ina kallo fuskarta ta canza. Ta ce, "Waɗancan fa, na wane ne?" Inna ta ce na yayanta ne marigayi. Ta ce, "Uhm." Ko furar ba ta ƙarasa ba ta yi sallama.

Kwana uku sai ga saƙo wai a dakata, an ji yarinya jinin maroƙa ce.

'Yar uwa, ranar na yi kuka har idona ya kumbura. Inna ta tashi a fusace ta ce, "Ai dama na faɗa maki, tarkacen nan ba alheri ba ne!" Kafin in ankara ta fizgo garayar ta buga da ƙasa, ta tura ta murhu, tana cewa wannan ma ta 'yan bori ce. Abin da ke ba ni kunya shi ne ban hana ta ba. Ni da kaina na kwashe sauran huɗun na cusa ƙarƙashin gado, ina jin haushin mutumin da ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta har na gama sakandare.

Da dare na kasa barci. Na jawo tsohuwar jitar nan mai taushi, na ga inda yatsunsa suka cinye katakon wuyanta, sai na tuna dararen nan na Bilbis da yake kaɗa ta a hankali don kada ƙannena su ji ƙarar bindiga. Gari na wayewa na mayar da su bango.

Da mutumin nawa ya zo da yamma, kansa a ƙasa, ya ce, "Don Allah ki ɓoye su na ɗan lokaci, in an ɗaura shi ke nan." Na ce, "Ba zan ɓoye ba. Ka faɗa wa Baba a je Bilbis a yi bincike. Abin da aka tarar shi ne ni."

Mahaifinsa dattijo ne, ya kuwa tura aka bincika wajen mutanen garinmu, aka ce masa direba ne ɗan manomi, mutumin kirki. Aka dawo da magana, aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla.

Kin ce in yi murna ko? Na yi. Amma akwai tambayar da ta tsaya mani a wuya. Da a ce an tarar Kawu makaɗi ne na gaske fa? Ke nan da an fasa, ba don wani laifi nawa ba? Ƙasar nan tamu ita ta haifi Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru, muna taƙama da su, manyanmu na sauraron su a mota, amma in ɗiyar makaɗi ta zo aure sai a ce asali. A bikina ma gwaggon nan ita ta fi kowa liƙi. Ni ba malama ba ce, hukuncin kiɗa na bar wa malamai, amma na san babu inda aka ce a auna yarinya da abin da ke rataye a bangon gidansu a bar halinta.

Shawarata gare ki, musamman ke 'yar makaranta da samari suka fara yi wa sallama: kada ki ɓoye gidanku don wani ya so ki. Ko ɗiyar mahauci ce ke, ko ta wanzami, ko ta makaɗi, faɗa masa tun ranar farko. Wanda zai gudu gara ya gudu tun ba a kai lefe ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma auren da aka fara da ɓoye-ɓoye kullum cikin fargaba ake zamansa.

Yanzu huɗun suna ɗakina, sai ƙusa ɗaya da na bari babu komai a kanta, wurin garaya. Inna in ta zo ba ta son kallon wajen, ni ma ban taɓa tayar mata da zancen ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba 'yan mata mazaje nagari, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Na bar ku lafiya.