Ko ka sani? Na'urar da ke motsa babban yatsan mara lafiya a ɗakin tiyata

Mutumin da za a yi wa babban aiki a ciki ko a ƙirji, galibi magani iri uku ake haɗa masa: na sa barci, na kashe zafi, sai na uku da ba a cika jin labarinsa ba, wato mai sassauta tsoka. Wannan na ukun ba ya sa barci, ba ya kuma rage zafi ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai jiki ya saki, a samu damar zura bututun numfashi a maƙogwaro, mai fiɗa kuma ya yi aikinsa ba tare da ciki ya ƙanƙame ba. Amma fa tsokokin numfashi su ma sakin suke yi. Zuciya tana ci gaba da bugawa, ƙirji kuwa ya tsaya cik, sai an hura wa mutum iska.

Asalin maganin dafin kibiya ne, kurare, wanda mafarautan dazukan Amazon a Kudancin Amurka suke shafa wa tsinin makamansu. Kada a ɗauka irin kwankwanin maharbanmu ne: shi kwankwani zuciya yake kamawa, kurare kuwa tsoka. A 1814 wani Bature, Charles Waterton, da abokan aikinsa suka sa wa wata jaka wannan dafi a Landan. Da numfashinta ya ɗauke sai suka huda maƙogwaronta, suka yi ta hura mata iska da zugazugi har dafin ya sake ta. Jakar ta miƙe, ta kuma yi kusan shekaru 25 a duniya bayan haka. Wannan ya nuna cewa rashin iska ne ke kisan, in an riƙe numfashi rai ba ya fita.

Sai ranar 23 ga Janairun 1942 Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare a Montreal ta Kanada, wajen cire wa wani saurayi afendis. Likitoci suka yi maraba da shi, amma an sha wuya kafin a iya shi. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka fitar da bincike daga asibitocin jami'o'i goma na Amurka, suka nuna cewa mace-mace sun ninka kusan sau shida a cikin waɗanda aka ba maganin. Ɗaya daga cikin haɗarin maganin shi ne a cire wa mutum bututu alhali ƙarfinsa bai gama dawowa ba.

To, ta yaya za a san ƙarfin mai barci ya dawo? A nan 'yar na'urar ta shigo. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, da batir take aiki. Ana manna wayoyinta biyu a wuyan hannu, ta ɓangaren ƙaramin yatsa, a kan jijiyar da ke jan babban yatsa zuwa tafi. In an danna, sai ta aika ɗan lantarki sau huɗu a jere, rabin daƙiƙa tsakanin kowane biyu. Hannun da ba magani a cikinsa, babban yatsa zai zabura sau huɗu da ƙarfi iri ɗaya. In magani ya kama sosai, ko motsi ba zai yi ba. Da ya fara sakin jiki sai zabura ta farko ta dawo, sannan ta biyu, ta huɗun ce ke zuwa ƙarshe, ita ma a raunane. Hassan Ali da John Utting da Cecil Gray ne suka fito da wannan dabara a Libaful a 1970.

Ƙa'idar yau ita ce kada a cire bututu sai ƙarfin zabura ta huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na ta farko. Ido da taɓin hannu ba sa iya tantance wannan, domin tun ƙarfin yana wajen kashi 40 suke ganin kamar huɗun sun yi daidai. Shi ya sa sababbin na'urori suke auna motsin da kansu su rubuta lamba. A ganina duk asibitin da ke da kuɗin sayen maganin bai da hujjar rasa wannan na'ura. Mutumin da aka tashe shi da sauran magani a jikinsa zai iya buɗe ido har ya amsa sunansa, amma haɗiya ta gagare shi, abin cikinsa ya kwarara huhu. Akwai magungunan warwarewa: neostigmine, da ake haɗawa da atropine don kada bugun zuciya ya yi ƙasa, da kuma sugammadex da aka amince da shi a Turai a 2008, mai sauri amma mai tsada. Su ma na'urar ce ke nuna lokacin bayarwa da yawan da ya dace.

Akwai wani haɗarin da ya fi tayar mini da hankali: barci ya yi sauƙi alhali jiki a sake yake, mutum yana ji amma ba halin ko ɗaga yatsa. Babban binciken da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya samu rahoton haka kusan sau 1 cikin 8,000 inda aka ba da mai sassauta tsoka, da 1 cikin 136,000 inda ba a bayar ba. Abin ba ya yawan faruwa, amma shi ne dalilin da ya sa likitan barci ba ya barin kan mara lafiya.

Mara lafiya ma yana da nasa rabon aikin. Wani mai sassauta tsoka, suxamethonium, yana kamawa cikin minti ɗaya ya saki bayan kamar minti biyar, amma wasu sun gaji jinin da ba ya narkar da shi, sai su yi sa'o'i a kan injin numfashi. Wasu kuma yana tayar musu da mugun zazzaɓi mai sandarar da jiki. Duka biyun suna bin dangi. Idan wani naka ya taɓa daɗewa bai farfaɗo ba bayan tiyata, ko ya rasu a kan gadon aiki ba a san dalili ba, ka faɗa wa likitan barci tun kafin ranar aiki, haka ma idan ka taɓa mummunar ƙuna ko kana da ciwon raunin tsoka.