Birkin Hannu: Maganganun Tasha da Gaskiyar Lamari

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Mubi zuwa Gella, Sahuda ko Michika ya san wannan al'ada: direba zai tsaya a gangare ya sauke fasinja, kafin ya cire ƙafa daga birki sai ya leƙo ya ce, "Kai yaro, sa dutse!" Yaron mota ya dira da gudu, ya rarumo dutse ya cusa a bayan taya. Sandar birkin hannu kuwa tana nan kwance a gefen kujerar direba, wani lokacin ma an rataya mata carbi. Garin da ke gindin duwatsun Mandara, inda hawa da gangara ba sa ƙarewa, bai kamata ya yi wasa da wannan sanda ba. Amma maganganu sun yi yawa a kanta a tasha da gareji, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, wasu kuma ƙarya ce da ke iya cin rai.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai birkin hannu ado ne, ba ya iya riƙe mota mai kaya. Wannan ba haka ba ne. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13-H, wadda ake bi wajen amincewa da birkin ƙananan motoci a Turai da Japan, ta wajabta cewa birkin ajiye mota ya riƙe ta, cike da kayanta, a gangaren kashi 20 cikin 100, ko tana fuskantar sama ko ƙasa. Wato hanyar da ke hawa mita 1 a kowace mita 5. Amurka ma tana da irin wannan sharaɗi. Saboda haka duk Corolla, Golf ko Starlet da ke yawo a Mubi ta fito daga kamfani da birkin hannu mai riƙo. In yau ba ta riƙewa, wayar ce ta saki, ko lainin baya ya cinye, ko mai ya zubo cikin diram ya jiƙa shi. Lalacewa ce, kuma tana gyaruwa.

Dalilin da ya sa wannan birki yake da daraja shi ne hanyarsa daban. Birkin ƙafa da mai yake aiki. Na hannu kuwa waya ce ta ƙarfe da ta bi ta ƙarƙashin mota ta je ta kama tayoyin baya, babu ruwanta da man birki. A wasu Camry da Sienna ba sanda ba ce, ɗan feda ne a hagu da ake takawa, a sababbin motoci kuma maɓalli ne, amma aikin ɗaya ne.

Sai masu otomatik, waɗanda suke cewa, "Ai na sa P, shi ke nan." A nan gaskiya da kuskure suka cakuɗe, kuma nan ne ya fi damuna. P ba birki ba ne. Wani ɗan ƙarfe ne a cikin giyabos, bai wuce girman yatsa ba, da ke faɗawa tsakanin haƙoran wani gargare ya hana shi juyawa. A fili yana riƙewa sarai. A gangare kuwa nauyin motar gaba ɗaya a kansa yake sauka. Wannan ƙarar "gam" da direba ke ji in ya zo fitar da giya daga P a kan tudu, ɗan ƙarfen ne ake fizgowa da ƙarfi daga ƙarƙashin nauyi. Tsarin da ya dace ba shi da wuya: ƙafa na kan birki, a ja birkin hannu sosai, a sassauta ƙafa har motar ta zauna a kansa, sannan a sa P.

Akwai wani haɗarin da masu faci ya kamata su sani. A motar da tayoyin gaba ke ja, P tayoyin gaba kaɗai yake tsarewa, kuma ta hanyar na'urar da ke raba musu juyi. Da zarar an ɗaga tayar gaba ɗaya da jak, ɗayar tana iya mirginawa, motar ta zame daga kan jak ɗin alhali giya tana P. Mutum kuma yana tsugune a gefenta, ko hannunsa na ƙarƙashi.

Ko kuma direba ya ɗauka ya sa P alhali bai shiga ba. Abin da ya jawo kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci kusan miliyan 1.1 a watan Afrilun 2016 ke nan, domin sandar giyarsu tana ruɗa mutane. A ranar 19 ga Yuni na shekarar, ɗan fim Anton Yelchin, mai shekara 27, ya mutu a ƙofar gidansa a Los Angeles bayan Jeep Grand Cherokee ɗinsa ta gangaro ta matse shi da ginshiƙi. Sabuwar mota ce, a ƙasar da ke da hanyoyi masu kyau.

Masu giyar hannu su ma suna da tasu: "Giya ɗaya ta isa." Giya tana taimakawa, amma matsin iskar cikin inji ne ke riƙe motar, kuma tsohon inji da ya sha lodi tsakanin Mubi da Yola yana sakin wannan matsi a hankali, motar ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. A haɗa su biyu: birkin hannu da giya ɗaya in ana fuskantar sama, ribas in ana fuskantar ƙasa, a kuma karya sitiyari yadda ko ta motsa gefen hanya za ta nufa.

Wasu na ƙin jan birkin hannu wai don kada ya ƙare. Akasin haka ne. Wayar da ba a motsa ta ita ce ƙura da ruwan damina ke shiga ta yi tsatsa ta ƙage, ranar da aka neme ta kuma ta ƙi. Ƙarar "ƙar-ƙar" da sandar ke yi ba ɓarna ba ce, ma'auni ce ma. Littafin Corolla da yawa yana ba da ƙara tsakanin 6 zuwa 9. In sai sandar ta kusa miƙewa tsaye kafin ta kama, lokacin ganin bakanike ya yi.

Yanzu ga abin da masu tasha suka faɗa daidai. Gaskiya ne birkin hannu yana iya maƙalewa. Motar da ta ratsa ruwa a watan Agusta, aka ja mata birki aka bar ta makonni, lainin yana iya mannewa da diram saboda tsatsa. Mai doguwar ajiya a fili zai iya barin ta a giya da weji a tayoyi. Gaskiya ne kuma mota tana iya tsayawa lafiya, bayan direba ya tafi shan shayi ta gangara ita kaɗai. Ba aljanu ba ne. In an sauko doguwar gangara ana taka birki, faifan baya yana zafi ya kumbura, in ya huce ya ɗan tsuke, sai kamun da aka yi masa sama-sama ya saki. Shi ya sa ja na rabi da rabi ba ja ba ne.

To in birkin ƙafa ya tsinke ana gudu fa? Birkin hannu zai rage gudu, amma ba zai tsayar da mota kamar na ƙafa ba, don tayoyin baya kaɗai yake kamawa, alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Fizgarsa lokaci ɗaya yana kulle tayoyin baya, bayan motar ya juyo. A danne maɓallin kan sandar, a riƙa ja a hankali, ana saukar da giya ɗaya bayan ɗaya. Jar fitilar birki da ke kan dashbod, in ta ƙi mutuwa bayan an sauke sandar, a yawancin motoci tana nufin man birki ya yi ƙasa. Kada a rufe ta da salatif.

Tirelolin da ke lodin shanu a kasuwar Mubi tsarinsu daban ne. A birkin iska na zamani, sifirin ne mai ƙarfi ke kama tayoyi in an ajiye mota, iska ce ke sakinsa, don haka zubar iska cikin dare ba ta sa tirela ta gangara. Abin da ke sa ta gangara shi ne lainin da ya cinye, saitin da ya saki, ko sifirin ɗin da aka ɗaure a hanya don a samu a ƙarasa gari aka manta ba a kwance ba. Wejin da yaran mota ke sawa yana da amfani ƙwarai a matsayin ƙari. Laifin shi ne mayar da dutse madadin birki, da kuma barinsa a tsakiyar kwalta bayan an tashi, mai babur ko Keke Napep ya zo cikin duhu ya hau.

Gwajin birkin hannu ba ya cin ko kwabo. Nemi ɗan gangaren da babu mutane, ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ka ɗaga ƙafa a hankali kana shirye ka mayar. In ta motsa ko da taku ɗaya ne, kada ka ɗauki fasinja sai an gyara. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Mubi, ku sa wannan gwaji ya zama sharaɗi kafin mota ta shiga layi. Kai kuma fasinja, in ka ji ana kiran a kawo dutse, kana da haƙƙin tambayar direba ina birkin hannunsa.