Ma'aikata na sayen iya magana: me suke komawa da shi ofis?

Wata Asabar da hantsi na shiga zauren wani otal a Kaduna inda ake bitar yini ɗaya kan iya magana gaban jama'a da shugabanci. Kujerun sun kai tamanin, kusan duk a cike. Akwai ma'aikatan banki, da malaman jinya, da 'yan bautar ƙasa cikin kakinsu. Kusa da ni wani magidanci ne mai furfura, wanda ya ce saura shekara huɗu ya yi ritaya, amma an ɗora shi kan wani sashe, kuma duk Litinin sai ya tsaya ya yi wa na ƙasa da shi bayani. Wannan tsayuwa, in ji shi, ita ke hana shi barci tun daren Lahadi. Mai bitar ya san aikinsa. Ya yi ta kai da komo riƙe da makirufo, ya sa mu tafi, ya sa mu dariya, ya ce kowa ya juya ya gaya wa maƙwabcinsa cewa shi shugaba ne. Da la'asar aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto. Na ƙirga waɗanda suka miƙe suka yi magana a yinin: mutum biyar ne, kuma ba wanda ya wuce minti biyu. Dattijon nan ba ya cikinsu. Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihun riga, muka yi sallama.

Irin wannan taro ya yawaita ƙwarai a Abuja da Kano da Kaduna da Jos. Sanarwarsa na yawo a WhatsApp da Facebook da LinkedIn, da hoton mai koyarwa cikin kwat ko babbar riga, da alkawarin cewa mutum zai fito ya zama wani. Jama'a kuwa suna biya daga albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Duk wanda ya ga haka ya san akwai buƙata ta gaske a ƙasa, kuma ya kamata a tambayi daga ina ta taso.

Aikin kansa ne ya fara sauyawa. A da fayil ne duniyar ma'aikacin gwamnati. Ya rubuta ra'ayinsa a jikin takarda, masinja ya ɗauka ya kai ofishin gaba, kuma yana iya cika shekara 35 ɗinsa bai taɓa tsayawa gaban mutum goma ba. Daga 2001 da kamfanonin wayar salula suka shigo, sai kuma 2005 lokacin da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya sa bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, aka samu wani sabon ma'aikaci wanda ake auna shi da yawan mutanen da ya shawo kansu. Bayan rikicin Boko Haram ya tsananta, ƙungiyoyin agaji suka cika Maiduguri da Yola da Damaturu, su kuma suna neman wanda yau zai kare rahotonsa da Turanci gaban masu ba da tallafi, gobe ya zauna gaban bulama ya yi bayani da Hausa ko Kanuri. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wani abu: a taron Zoom ba inda ƙaramin ma'aikaci zai ɓuya a bayan oga, sunansa na nan kan allo, ana iya kiransa kowane lokaci. Matasa masu neman dala 5,000 ta Gidauniyar Tony Elumelu, wadda ta soma shirinta a 2015, ko masu neman gurbi a shirin Mandela Washington da Amurka ta buɗe a 2014, duk sai sun bayyana kansu da baki gaban masu tantancewa.

Makaranta ba ta shirya mu don wannan ba. Ɗalibi zai yi firamare da sakandare yana kwafar abin da malam ya rubuta a allo, cikin ajin da ya cika maƙil, inda ɗaga hannu ma sai mai ƙarfin hali. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jarrabawar furucin Turanci ta WAEC. A Najeriya a takarda ake yin ta, ɗalibi ya zaɓi amsa cikin A zuwa D, ya ci ko ya faɗi ba tare da ya buɗe baki ba. A jami'a kuma da yawa ba sa tsayawa gaban malamai sai ranar kare kundin kammala karatu, ranar da gumi ke jiƙa riga tun kafin a yi tambayar farko. Sai a haɗa wannan da tarbiyyar gida, wadda ta koya mana kada yaro ya tsoma baki in manya na magana, kada ya zuba wa babba ido, kada ya yi ta faɗin abin da ya iya. Tarbiyya ce mai daraja, ita ke riƙe da zumuncinmu. Amma injiniya ɗan shekara 28 da ya ga kuskure a lissafin gada, ya yi shiru saboda darakta sa'an mahaifinsa ne, ya ɗauki kunyar zaure ya kai ta inda za ta iya jawo asarar rai.

Kada wani ya fahimci cewa Bahaushe baƙo ne a fagen magana. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na 1937 suna Magana Jari Ce, kuma ba a banza ba. Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, muryarsa ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Malam Aminu Kano ya girgiza Arewa da lacca a filin Allah. Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, har yau ana tura jawabansa daga waya zuwa waya. Abin lura shi ne ukun ƙarshen nan duk malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa, kullum suna gaban aji. A shekarun 1940 kuma Balewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur suna cikin ƙungiyar tattaunawa ta Bauchi, inda ake kawo batu a yi muhawara, wani ya faɗi, wani ya warware masa. Yau da gobe ce ta wasa harshensu, a gaban mutanen da ba sa jin nauyin ce musu sun yi kuskure.

Can Amurka ma, inda wannan sana'a ta samo asali, haka aka faro. A 1912 Dale Carnegie ya fara koyar da magana da dare a wata cibiyar YMCA a New York, kuma abin da ya gano da wuri shi ne lacca ba ta cire wa mutum tsoro, sai an sa shi ya miƙe ya yi magana. A 1924 Ralph Smedley ya kafa ƙungiyar Toastmasters a Santa Ana ta jihar Kalifoniya, kuma yanzu tana da rassa a ƙasashe da dama, har da Legas da Abuja. Yadda suke zama ya cancanci a duba shi da kyau. Mutum ashirin ko ƙasa da haka ke haɗuwa duk mako ko mako biyu. Sabon shiga zai fara da jawabin gabatar da kansa na minti huɗu zuwa shida. Akwai mai kula da lokaci da ke nuna kore, sannan rawaya, sannan ja. Akwai wanda aikinsa kawai ƙirga "eh" da "am" da sauran kalmomin cike gurbi. Akwai lokacin da za a jefa wa mutum tambaya ba shiri, ya amsa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Daga ƙarshe wani ya tashi ya faɗa masa abin da ya yi daidai da inda zai gyara. Mako mai zuwa a sake, kuma wanda aka gyara wa yau shi zai gyara wa wani gobe.

Wanda ya samu irin wannan horo na a-yi-a-sake yana cin riba, na ga haka da idona. Na san wata akanta da ta shekara shida tana haɗa rahoto, namijin da ke kusa da teburinta yana karantawa a taro ana yaba masa. Bayan wata takwas tana zuwa irin wannan zama duk Alhamis da yamma, ran nan shugaban sashe ya miƙa hannu zai ba abokin aikinta takardar, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda ni zan gabatar, tun da ni na haɗa." Muryarta na rawa, amma ta gama, kuma da aka yi tambaya kan wani adadi ba ta duba takarda ba. Ga mata musamman wannan babban abu ne, domin su kunyar biyu ce a kansu, ta ƙuruciya da ta zama mace a ɗakin da maza suka cika.

Sai dai abin da ya fi yawa a kasuwa bitar yini ɗaya ce, saboda ita ta fi sauƙin sayarwa. Mai shiryawa na tara mutum ɗari a zaure ɗaya ya kwashi kuɗinsa a yini. Ma'aikata na son takardar shaida da za su sa a fayil kafin jarrabawar ƙarin girma. Hukumomi kuma na da kuɗin horaswa da dole a kashe kafin shekara ta ƙare. Kowa ya samu abin da ya zo nema, ban da iya maganar. Ƙungiyoyi irin su Toastmasters kuwa da dala ake biyan kuɗin zama mamba duk wata shida, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 abin ya fi ƙarfin malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ga shi da Turanci ake yin su, a manyan birane.

Abin da ake koyarwa a zauren ma ba duka ne gaskiya ba. Kusan duk bitar da na halarta sai an ce kashi 7 cikin ɗari kawai na saƙo ke cikin kalmomi, kashi 38 a murya, kashi 55 a fuska da motsin jiki. Wannan lissafi ya fito ne daga gwajin da Albert Mehrabian ya yi a 1967, kan yadda mutane ke gane so ko ƙi daga kalma ɗaya tak da hoton fuska, kuma shi da kansa ya ce bai shafi magana gaba ɗaya ba. Amma an maimaita shi har ya zauna, sai matashi ya fito yana ganin tsayuwa da wurga hannu sun fi abin da zai faɗa muhimmanci. Haka ake ce masa ya kafe mai sauraro da ido, ya riƙa cewa "ni na yi, ni na kawo". A gaban baƙo daga Landan wannan na iya yi. A gaban hakimi, ko kwamishina mai shekara sittin, ko iyaye mata da aka tara don bayanin rigakafi, sunansa fitsara, kuma daga nan an daina jin sa. Ban taɓa halartar bitar da aka koyar da yadda ake buɗe jawabi da Hausa ba: wa za a fara gaisarwa, yaya ake saɓa wa babba ba tare da an kunyata shi ba, ina karin magana ke ƙara wa zance armashi, ina take zama kauce wa batu. Alhali yawancin ma'aikatan lafiya da na gona da na ilimi a Arewa da Hausa suke shawo kan jama'a.

Illar da ta fi damuna ita ce yadda aka ɗaure iya magana da shugabanci a igiya ɗaya, har a jikin sanarwa ba a raba su. Tun shekarun 1950 masu nazarin halayyar rukuni, irin su Robert Bales na jami'ar Harvard, suka lura cewa wanda ya fi kowa yawan magana a taro shi jama'a suka fi ɗauka jagora. Idan ofis bai yi hattara ba, sai mai zaƙin baki ya yi ta hawa, wanda ke riƙe da aikin a bar shi a baya. Mun sha ganin haka: shugaban da in ya yi jawabi sai an tafa, amma na ƙasa da shi ba su san abin da za su yi ran Talata ba, in abu ya lalace kuma ya nemi wanda zai ɗora wa. Riƙon jama'a ya ƙunshi raba aiki daidai da ƙarfin kowa, da kiran wanda ya yi kuskure a keɓe, da tsayawa gaban na sama a ce laifin nawa ne, da haƙurin sauraron masinja in ya zo da ƙorafi. Cibiyar NIPSS da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, watanni take riƙe manyan jami'ai tana horar da su, kuma ko su ba duka ke fitowa da waɗannan halaye ba. Mai cewa zai ba da su tsakanin hantsi da la'asar ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Horo mafi kyau da na gani ba a otal ba ne. A wani ƙaramin asibiti ne, inda shugabar malaman jinya ta kafa doka cewa duk safiya wajen miƙa aiki, mafi ƙanƙanta cikin masu kwanan dare ce za ta yi bayani a tsaye, minti uku, ba karantawa. Ranar da na je, wata yarinya da ba ta fi wata biyu da fara aiki ba ta soma da gado na ɗaya, ta rikice a na huɗu, ta sunkuyar da kai. Shugabar ba ta karɓe mata ba. Ta ce, "'Yata, ɗago. Me ya fi damun ki game da mai gado na huɗu?" Yarinyar ta ce zazzaɓinsa bai sauka ba tun ƙarfe biyun dare. "To da wannan za ki fara gobe. Ci gaba." Ta ci gaba har gado na goma sha biyu, sannan ta miƙa makullin kabad ɗin magani ta tafi gida.