Amsar Wasiƙunku: Idan Taɓin Hankali Ya Tashi, Gida ko Asibiti?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Kusada, ya rubuto cewa ƙanensa ya kwana huɗu ba barci, sai surutai, har an fara zancen sa masa mari. Yana tambaya: kwanciya asibiti ta fi, ko jinya a gida?

To Malam, a ajiye marin nan tukuna. Ku kai shi Babban Asibitin Kankia yau, kada ku jira a ci kasuwa, domin zazzaɓi mai hawa ka, sanƙarau ko shan ƙwaya duk kan kawo irin wannan ruɗewa. In ta kama, su za su tura ku Katsina ko Dawanau ta Kano.

Jinyar gida kuwa, an gwada ta a Amurka, Ingila da Ostareliya: ma'aikatan lafiya su garzayo gida, su ba da magani, su riƙa leƙowa. An ga masu komawa gadon asibiti sun ragu, wahalar iyali ma ta yi sauƙi. Tun 1954 Dokta Lambo ya yi makamancin haka a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama cikin ƙauye tare da ɗan'uwansa.

Amma fa ku lura, a can akwai ma'aikacin da ke zuwa. Kulle mutum a ɗaki ba jinya ba ce. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ko ya ɗauki makami, kada a bar shi shi kaɗai. A ɓoye maganin feshi da wuƙaƙe, a nemo mota ko da tsakar dare ne.