Maganin yara a ɗakin gaggawa: abin da ya kamata ku sani game da aikin mai harhaɗa magunguna

Idan zazzaɓi ya kada yaronku cikin dare, kuka garzaya da shi babban asibitin Gwandu ko Cibiyar Lafiya ta Jihar Kebbi da ke Kalgo, likita da nas za ku fara gani. Amma akwai wani ma'aikaci da maganin ke bi ta hannunsa kafin ya kai ga yaron.

Wane ne shi?

Shi ne mai harhaɗa magunguna, wanda ake kira famasis. Ya karanci ilimin magani a jami'a, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, ce ke ba shi lasisi. Ba ɗaya suke da mai kemis na unguwa ba, wanda doka ta yarje masa sayar da wasu magunguna kawai.

Me ya sa kuskure ya fi sauƙi a maganin yara?

Domin da nauyin jiki ake auna shi. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 ake ba wa kowane kilo idan yaro bai kai kilo 20 ba, wanda ya kai kuwa 2.4. Idan aka ƙiyasta nauyi da ido, awon magani na iya kaucewa; idan kuma ɗigo ya ɓace a rubutu, 2.4 ta koma 24, magani ya ninka sau goma.

Ƙarfin magani ma ya bambanta. Mililita 5 na farasitamol na ruwa yakan ƙunshi miligiram 125, amma na ɗigo na jarirai yana iya kai 500. Suna ɗaya, ƙarfi ninki huɗu, kuma yawansa na lalata hanta.

Me famasis ke yi?

Yana duba takardar likita, ya sake lissafi da nauyin yaro, ya tabbatar magunguna biyu ba su yi karo ba. In ya ga shakka, sai ya tuntuɓi likita kafin ya bayar. Yana kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gurɓataccen magani na iya kisa: tsakanin 2008 da 2009 gurɓataccen maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara sama da 80 a Nijeriya.

Ku fa, mene ne naku?

Ku nemi a ɗora yaro a sikeli. Ku zo da duk abin da kuka ba shi a gida, har da jiƙo da maganin kemis. Ku faɗi idan wani magani ya taɓa sa masa borin jini. Kada ku auna da cokalin shayi. Ku nemi sirinji ko murfin awo.

Nawa ne kuɗinsa?

Magani kuke biya, tambaya kuwa ba ta cin ko kwabo. Kafin ku bar tagar karɓar magani, ku maimaita wa famasis yadda ya ce ku bayar: nawa, sau nawa a rana, har kwana nawa.